Shekarar da Aka Auna Yakubu

Na daɗe ina kewaye wannan babin. Abin da ya sa na zauna masa yau shi ne maganar da jikata Bilkisu ta kawo mini daga gidan biki a Ikara, inda wata tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa ta ce, ashe ke jikar matar nan ce da ta kai ɗanta Turawa su saya. Yarinya ta dawo gida idonta jawur. Ku kuma 'ya'yana, na san abin da kuke faɗa a tsakaninku, cewa kakarku Iya muguwar suruka ce da ta so ta raba ni da mahaifinku. Duka biyun ba haka ba ne. Zan faɗi abin yadda na gan shi, har da wuraren da ban gane ba, kuma suna da yawa. Zan kuma kira yayanku Yakubu da sunansa, ko da yake bakina bai saba ba, don kada labarin ya rikice fiye da yadda yake.

A lokacin muna Dandamisa, mu uku a gida: ni, da Malam mahaifinku, da mahaifiyarsa Iya. Ana ta maganar mulkin kai a kasuwanni, amma Turawa ba su tafi ba tukuna. Malam yana noman rake a fadama yana dafa mazarƙwaila, yana kuma taɓa auduga kaɗan a gonar tudu. Kafin Yakubu na haifi biyu, duk sun koma kafin su yi haƙori, har mata sun fara kirana mai wabi a bayan idona. Shi kuma ya zo ɗan ƙarami, fata duk ta yamutse, kukansa ma sai ka kasa kunne. Nonona bai kawo sosai ba. Iya ta yi duk abin da ta sani. Ta dama mini kunun kanwa har na gaji da ganinsa, ta jiƙa saiwoyi, ta karɓo rubutu. Ita take yi masa wanka da hannunta, kuma in maƙwabta suka shigo barka ba ta yarda a daɗe da shi a hannu. Na gama wankan jego yaro yana nan kamar ranar da aka haife shi.

Sai labari ya zo cewa akwai wata Baturiya, Sista ake ce mata, tana zuwa daga Zariya a mota wata-wata ranar kasuwar Makarfi, tana duba jarirai a wani ɗaki kusa da kasuwa. Malam ne ya fara kawo maganar, da yake ya gaji da haƙa ƙananan kaburbura. Iya ba ta hana ba. Ta dai ce kada in yarda a tsira masa allura.

Na tarar da mata cike da ɗakin, kowa da goyonta. Daga azarar rufi an rataye wani abu mai fuska kamar agogo, da ƙugiya a ƙasansa, a jikin ƙugiyar kuma wani ƙyalle kamar ɗan wando. Ban taɓa ganin sikeli ba, don mata ba ma zuwa kasuwar auduga. Sista doguwa ce, hancinta duk rana ta ƙone shi. Ba ta jin Hausa sai sannu da madalla, saboda haka wani malamin asibiti, Malam Bulus, mutumin kudancin Zazzau mai yawan fara'a, shi yake yi mata tafinta. Da layi ya zo kaina ta karɓi Yakubu, ta tuɓe shi, ta zura ƙafafunsa a ƙyallen, ta sake shi yana lilo. Ɗan tsinken agogon ya motsa kaɗan ya tsaya. Ta duba, ta ɓata fuska, ta yi magana. A cikin duk abin da ta faɗa kalma ɗaya na gane, kuma na ji ta sarai. Ta ce fam.

"Ta ce fam shida ne," in ji Malam Bulus. "Ta ce ya yi kaɗan ƙwarai."

Na ce, "Fam shida na me, Malam?"

"Na yaron mana. Ga madarar gari, ki riƙa dama masa da tafasasshen ruwa. Ki dawo wata mai zuwa, tana so ta ga ya ƙaru. In ya kai fam goma, to hankalinta ya kwanta."

Ya miƙo mini gwangwani, ya kira ta bayana. Ina ɗaura goyo wata mata ta matso ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Nawa aka yi wa naki? Nawa fam tara aka yi masa." Wata kuma da ba a kai kanta ba ta gyara mayafi ta sulale ta fita. Ku yaran yanzu ba ku san fam ba. Fam shida kuɗi ne da manomi zai yi shekara bai gan su a dunƙule ba. Duk hanyar komawa gida ina juya maganar. In saye ne, ina kuɗin? In ba saye ba ne, me ya kawo fam a jikin ɗana? Kuma me ya sa ta ɓata fuska, kamar mai ciniki da ya ga kaya ba su yi masa ba?

Na tarar da Iya tana tuƙa tuwo. Na faɗa mata komai yadda ya faru, ban rage ba. Ta tsaya da muciya a hannu.

"Rataye shi aka yi?"

"A ƙyalle, Iya, ba a ji masa ciwo ba."

"Aka duba nauyinsa, sannan aka faɗi kuɗi."

"Haka na ji."

Ta ajiye muciyar a ƙasa, a kan turɓaya, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta kwance yaron daga bayana ta shige ɗaki da shi. Tuwon ranar nan ya kama. Da Malam ya dawo daga fadama ta kira shi ta ce, madarar nan dusa ce, kiwon yaron za mu yi musu, in ya yi ƙiba su zo su ɗauka.

"Iya," ya ce, kansa a ƙasa, "ai Turawa sun hana cinikin mutane tun kafin a haife ni."

"Mu suka hana. Kai ka je ƙasarsu ka ga abin da suke yi?"

Abin da ya iya cewa shi ne, tunda an riga an karɓo madarar, ba a zubar da abinci, a bar yaro ya shanye gwangwanin nan. Ta yi shiru, muka ɗauki shirun a matsayin izini.

A nan ne kaina ya fara juyawa da gaske, domin madarar ta karɓi yaron. Kumatunsa suka fara cika, kukansa ya yi ƙarfi, ya fara bin mutum da ido. Duk uwa ta san daɗin wannan. Amma ni in na ɗaga shi na ji ya ƙara nauyi, sai daɗi ya zo mini tare da faɗuwar gaba, in rasa wanne zan kama. Wata na zagayowa Malam ya bar ni na koma, Iya tana gidan rasuwa. Aka sake rataye shi. Sista ta yi murmushi har ta shafa kansa, Malam Bulus ya ce fam bakwai da rabi, ta ji daɗi ƙwarai. Murmushin nan ya fi ɓata fuskar ba ni tsoro. Da Iya ta ji, cewa ta yi, "Kin gani? Kuɗinsa na hawa." Ta ɗauki sabon gwangwanin ta juye wa awaki a kasko. Ta ce muddin tana numfashi ba mai sake fita da jikanta daga gidan nan ranar kasuwa. Malam ya ce in bi maganarta.

Na bi. Kuma kada ku ɗauka dole kawai aka yi mini, rabin zuciyata yana tare da ita. Muka koma kunu da jiƙo. Cikin ɗan lokaci kumatun suka zube, maɗigarsa ta faɗa, ya daina bin mutum da ido. Na san wannan kamannin, sau biyu na taɓa ganinsa. Wata safiya ina shanya tsummokaransa na tsaya na ce wa kaina, in Turawa ne za su ɗauke shi, aƙalla yana wani wuri a duniya yana numfashi. Ban ce na gane ba ciniki ba ne. Ban gane komai ba. Na dai zaɓi abin da nake tsoro a kan abin da na riga na sani. Na goya shi, na ɗauki ƙullin kayana, na durƙusa na ce wa Iya za ni gida. Ba ta ɗago kai ba. Na kama hanyar Makarfi, gidan iyayena.

Malam ya aiko sau da yawa in dawo. Na ce sai in an yarda in riƙa kai yaro awo. Daga baya kawunsa ya zo ya zauna a zaure da mahaifina, ya ce Malam ya sake ni saki ɗaya, don ba zai iya zaɓar mata a kan uwa ba. Igiyar nan da ta tsinke ba ta ƙullu ba, da biyu muka ƙarasa zamanmu har ya rasu, kuma bai taɓa son a tuna masa ba.

A gida akwai yayana Garba, wanda ya yi elementare ya koyi aikin sikeli a Kudan, a lokacin kuma shi ne malamin awo a kasuwar auduga ta Makarfi. Da na ba shi labari ya yi dariya har ya riƙe ciki, sai da ya ga hawaye a idona ya daina.

"Kande, ba fam ba ne. Laba ce. Yaronki laba shida ya yi, kamar yadda ake cewa auduga ta yi laba kaza."

"Yaya, ni fam na ji. Da kunnena, daga bakinta."

"E, haka suke faɗa. Su a bakinsu fam ne."

"To ina laba ta fito?"

Ya shiga ɗaki ya ɗauko wani dunƙulen ƙarfe na awo, ya nuna mini wasu baƙaƙe biyu a jikinsa. Ya ce wannan doguwar la ce, wannan mai cikin kuma ba ce, ka haɗa ka sami laba. Haka Turawa suke rubutawa.

"Su rubuta laba, su karanta fam?"

"Haka suke yi."

"Don me?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce shi dai haka ya tarar, bai taɓa tambaya ba. Na ce to in Bature ya ce fam, ta yaya yake gane wanda ake nufi, na kuɗin ko na nauyin?

"Da sauƙi. In yana kallon sikeli, nauyi ne. In yana kallon kayan da zai saya, kuɗi ne."

"Ita Sista ta kalli sikelin, ta kalli yaron, sannan ta faɗa."

Ya ajiye ƙarfen. Na shigo wurinsa da ruɗani ɗaya na fita da biyu. Mutanen da suka ƙera jirgin ƙasa, a ce ba su da kalmomin da za su raba kuɗi da nauyi? Sai na ga kamar da gangan suka haɗa su, don wanda ake ciniki a kansa kada ya gane.

Ranar da Sista ta dawo, Yaya Garba ya raka ni. Ɗakin da na sani cike da mata, ranar nan mu huɗu ne ko biyar. Labari ya riga ya kai Ikara har Paki cewa Baturiya tana yi wa jarirai kuɗi, kuma wata 'yar Dandamisa har ta karɓi kafin alƙalami. Daga nan tsohuwar gidan bikin ta samo nata. Sista ta daɗe tana mamakin abin da ya kori mata, ba wanda ya gaya mata. Yaya ya tattaro ɗan Turancinsa ya yi mata bayani. Malam Bulus ya dafe kai da hannu biyu, ya ce shi bai taɓa aikin auduga ba, kalmar da ya ji ita ya mayar. Sista ta fara dariya, sai ta dubi bencin da ba kowa, dariyar ta tsaya. Fuskarta ta yi ja har wuya. Ta riƙe hannuna ta yi ta magana, aka ce rantsuwa take yi ba ta sayen kowa. Na ce a tambaye ta, in haka ne me ya sa kalmar ɗaya ce, kuma me ya sa suke rubuta wani abu su faɗi wani. Ta kalli fuskar sikelinta kamar yau ta fara ganinsa. Ta ce wallahi ba ta sani ba, tun tana yarinya haka ta taso ta ji, amma za ta tambayo wani likita a Zariya mai son irin waɗannan abubuwa. Na koma gida ina cewa, yarenta ne fa, ita ma ba ta sani ba.

Ta cika alkawari. Da wata ya zagayo, bayan ta auna Yakubu, wanda ya fara murmurewa, ta zaunar da mu ta yi bayani, Malam Bulus da Yaya suna karɓe wa juna fassara. Ga abin da na riƙe. Ta ce kalmar ba tasu ba ce tun asali, aro suka yi daga Rumawan dā. Su Rumawa suna da kalma libra, wato ma'auni, kuma sunan wani awo ne nasu. In za su faɗi nauyin abu sai su ce libra pondo, pondo ɗin yana nufin a bisa nauyi, kamar ka ce mudu kaza a aune. Da maganar ta isa ƙasar su Sista, bakin mutane ya kama rabi na biyu, pondo, ya tauna shi har ya zama abin da muke ji kamar fam. Malamai masu rubutu kuwa suka riƙe rabi na farko, libra, suna taƙaita shi da baƙaƙe biyu. Yaya Garba ya buga cinya ya ce, ashe mu ma haka muka yi, wanda ya ji da kunne ya ce fam, wanda ya gani a jikin ƙarfe ya karanta laba. Shekaru da yawa bayan haka Yakubu da kansa ya buɗe mini babban ƙamus ya nuna mini, kuma haka yake a ciki.

Na ce to kuɗin fa? Ta ce a zamanin kakanninsu ba a ƙirga kuɗi sai a auna. Azurfar da ta kai nauyin laba ɗaya ita ake kira fam ɗaya. Daga baya azurfar ta tafi, sunan ya zauna a kan takarda. Har alamar fam da ke jikin kuɗi, in ji ta, la ɗin libra ce aka yi mata ado.

Ni a wurin kaina ya ɗauki zafi. Kalma ɗaya ta rabu biyu, rabi a baki rabi a alƙalami, sannan rabin bakin ya sake rabuwa biyu, ɗaya a sikeli ɗaya a aljihu, kuma duka sun taru a kan ɗana. Amma Yaya ya ji daɗin bayanin ƙwarai. Washegari ya hau kekensa ya tafi Dandamisa, yana da tabbacin zai dawo da bikona. Ya dawo da la'asar jiki a sanyaye. Ya ce Iya ta saurare shi tsaf, Rumawa da komai, ba ta katse shi ba, har ya kai wurin azurfa. Sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗan nan. Ka ce fam asalinsa awon azurfa ne?"

"Haka ne, Iya."

"Wato da ma'aunin da suke auna dukiyarsu, da shi suka auna jikana, suka kira shi da sunan da suke kiran azurfa. To ai abin da nake faɗa ke nan tun farko. Na gode da ka zo ka tabbatar mini."

Da ya maimaita mini maganar, na rasa inda kuskurenta yake. Har yau in aka ce in nuna wurin da yatsa, sai na yi jim.

Kaka ta wuce, aka buɗe kasuwar auduga. Ranar zuwan Sista ina zaune a benci da Yakubu a cinya, sai na ji ɗakin ya yi tsit. Iya ce a bakin ƙofa, da sandarta, ƙafafunta fari fat da tafiya. Tun daga Dandamisa ta tako, ita kaɗai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba. Idonta yana kan yaron, da yake rabonta da shi tun yana fata da ƙashi. Sannan ta juya wurin Malam Bulus.

"Kai ne mai mayar da magana? Gaya mata ta auna ni."

Ya yi murmushi ya ce, "Iya, wannan na jarirai ne, ba zai ɗauke ki ba."

"To a kai ni inda zai ɗauke ni. Kuma ita nake so ta faɗa da bakinta, ba kai ba."

Aka gaya wa Sista. Ta dubi Iya, ta ɗauki hularta. Haka muka fita, tsohuwa a gaba da sanda, Baturiya a bayanta, ni da goyo, 'yan kasuwa suna barin rumfunansu suna bin mu. A wurin awon auduga akwai babban sikeli mai faranti a ƙasa, wanda ake ɗora buhu a kai. Yaya Garba ya gan mu ya miƙe, ya sa aka sauke buhun wani manomi. Iya ta ba ni sandarta, ta tuɓe takalmanta, ta yi bismilla ta hau. Ta tsaya ƙyam, hannayenta a gefe, idonta a rufe. Na ga leɓɓanta suna rawa, na ɗauka tsufa ne. Yaya ya tura ɗan ƙarfen a jikin sandar sikeli har ta daidaita. Sista ta sunkuya ta duba, ta faɗi wata kalma, sannan ta ce fam. Kowa ya ji.

"Nawa ta ce?"

"Casa'in, Iya," in ji Yaya.

Ta buɗe ido. "Fam casa'in? Ni?"

"Haka ta ce."

Ta dubi hannayenta, ta dubi ƙafafunta. Ta ce, "Tsohuwa ba haƙori, ido ɗaya ya fara hazo, ko tulu ba na iya ɗauka. Wane mahaukaci ne zai ba da fam casa'in?" Mutane suka fashe da dariya, har manomin da aka sauke wa buhu ya ce shi ma a ɗora shi ya ji kuɗinsa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta sauko, ta sa takalmanta, ta karɓi sandarta, ta ce mini, "Zo."

Muka fita bayan kasuwa, ta zauna a gindin wata tsamiya, ta miƙo hannu na ba ta yaron. Ta daɗe tana dubansa, tana taɓa cinyoyinsa. Abin da ta faɗa mini a wurin ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mahaifinku ya rasu bai sani ba. Ta ce in riƙe har sai ta mutu, ni kuma na riƙe har ya wuce haka, don ban san yadda za ku ɗauke shi ba.

"Ni ba 'yar Dandamisa ba ce," ta ce. "Ban san sunan garinmu ba. Na dai tuna a kan dutse yake, can kudu, da wata mata mai tsaga a ciki da nake jin ita ce uwata. Mahaya suka zo. Ban fi tsayin sandar nan ba. A wata kasuwa aka tsayar da mu, wani mutum ya zo ya sa hannu a hammatata ya ɗaga ni sama, ya jijjiga ni yana jin nauyina. Ya buɗe bakina ya duba. Ya ce na yi rama, ya rage abin da zai bayar. Da gishiri ya biya. Ina tsaye aka sauke shi daga kan jaki."

Ta share hancin yaron da bakin zanenta.

"Ranar da kika shigo kika ce an ɗaga shi an ji nauyinsa an ce ya yi kaɗan, hannun mutumin nan na ji a hammatata. Na san cinikin mutum, 'yar nan. Na san yadda kuɗin yake hawa da yadda yake sauka. Yarinya tana da kuɗi, tsohuwa ba ta da ko wuri. Tunda suka yi mini kuɗi fiye da shi, ba ciniki suke yi ba." Ta gyara zaman yaron a cinyarta. "Me suke yi, ban sani ba. Yanzu shi nawa ne?"

"Laba goma sha ɗaya, Iya."

"Labar nan ita ce fam ɗin?"

"Ita ce. Amma kuma ba ita ba ce. Wallahi ni ma ban gama ganewa ba."

Ta sa hannu biyu za ta ɗaga shi sama, sai ta fasa, ta rungume shi a ƙirji. Ta ce in taimaka mata. Na ɗora mata shi a baya, ta ɗaure da majanyina, ta dafa sanda ta miƙe.

"Koma ki karɓo madarar," ta ce. "Ki kwaso kayanki ki same mu a hanya, ba sauri nake yi ba. Mijinki ni zan yi masa magana."